Sammaci a Ƙofar Gida: Wa Zai Biya Wahalar Wanda Aka Kai Ƙara?

Ranar wata Laraba da hantsi masinjan kotu ya yi sallama a ƙofar gidan kawuna. Bai same shi ba, yana kasuwa, sai ya tsaya a bakin zaure yana tambayar yara, maƙwabta suna leƙe. Kafin azahar magana ta gama unguwa: an kai Alhaji kotu. Babu wanda ya tsaya tambayar a kan me.

Fili ne ya saya a bayan gari shekaru tara kafin wannan ranar, a gaban mai unguwa da shaidu biyu, ya biya kuɗinsa lakadan, ya kewaye shi da bulo. Wanda ya sayar masa ya rasu. Sai ga 'ya'yan ƙanin mamacin sun taso suna cewa filin gado ne da ba a raba ba, baffansu ya sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba. Shekara shida aka yi ana shari'a, kuma kawu ne ya yi nasara. Amma ni da nake raka shi na san abin da aka yi asara a hanya. Duk daren da za a wayi gari a shiga kotu ba ya barci. Sai ka ji motsinsa a tsakar gida yana zazzage takardu daga wata baƙar leda, yana jera su a kan tabarma, yana mayarwa. Da safe ya rufe shago, ya ba lauya kuɗin mota, mu je mu zauna a benci har rana ta take, sannan rajistara ya leƙo ya ce mai shari'a bai zauna ba, an ɗage zuwa wata biyu. Shaidarsa ɗaya ya rasu a shekara ta uku. A ta huɗu aka yi wa alƙalin canjin wurin aiki, aka dawo da shari'ar farko. A 2021 ma'aikatan kotuna suka shiga yajin aiki daga Afrilu zuwa Yuni, ƙofa a garƙame sama da wata biyu. Ranar da aka yanke hukunci, da muka fito, na ce masa, "Kawu, alhamdu lillahi, an gama." Ya dube ni ya ce, "An gama da ni dai, ɗan nan." A lokacin yana shan maganin hawan jini, kuma rabin jarin shagonsa ya tafi.

Wannan ne ya sa duk inda ake muhawara kan ko ya kamata a ƙuntata hanyar shigar da ƙara, nakan kasa kunne da kyau. Masu magana kashi biyu ne, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa mai nauyi.

Masu cewa a ƙuntata suna farawa ne daga wani abu da doka ba ta cika lissafawa ba: shari'a kanta horo ce, tun kafin a san mai gaskiya. Mai ƙara shi ya zaɓi ranar, ya zaɓi kotun, ya shirya kuɗinsa da shaidunsa. Wanda ake ƙara kuwa faɗowa aka yi masa. Ba zai iya cewa ba ya yi ba, domin in ya ƙi halarta ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. Dole ya nemi lauya ko da bashi ne, dole ya bar sana'arsa, dole ya jure kallon mutane. A wurinmu kuwa kalmar "kotu" tana da wari. Mutumin da aka gani yana zirga-zirga a harabar kotu, ko da kan iyakar gona ce, akwai masu jin nauyin ba shi bashi, akwai masu ja da baya in ɗansa ya zo neman aure. Ba a tambayar ko ƙarar farar hula ce ko ta laifi. A bakin jama'a duk "yana da kes" ne.

Sannan ga daɗewa. Ɗaliban lauya a Nijeriya duk sun san shari'ar Ariori da Elemo, rikicin fili a Legas da aka shigar a 1960, wanda bai isa ƙarshe a Kotun Ƙoli ba sai 1983. Abin da Kotun Ƙolin ta yanke bayan shekara ashirin da ɗoriya shi ne a koma a sake shari'ar daga tushe, saboda jinkirin ya yi yawan da alƙalin farko ba zai iya riƙe abin da shaidu suka faɗa ba. Jaririn da aka haifa ranar da aka kai wa waɗancan mutane sammaci ya isa aure kafin a ce musu su dawo a fara. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. To wanda ake ƙara shi ne ke zaman jiran haihuwar, ba ya iya sayar da abin da ake rikici a kai, ba ya iya gina shi, ba ya iya shirya komai na gobe da natsuwa.

Hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a ƙuntata ita ce akwai masu shigar da ƙara da ba nasara suke nema ba, wahalar suke nema. Malamai biyu na Jami'ar Denver a Amurka, George Pring da Penelope Canan, su suka raɗa wa wannan salon suna a shekarun 1980, bayan sun lura da yadda masu kuɗi ke maka talakawan da suka soke su a kotu don kawai su yi shiru. Mu kira ta ƙarar toshe baki. Misalinta da ya fi shahara ya faru a Ingila. A 1990 kamfanin McDonald's ya kai wasu 'yan gwagwarmaya biyar ƙara kan wata 'yar takarda da suke rabawa a titi suna sukar abincinsa da yadda yake tafiyar da ma'aikata. Uku suka ba da haƙuri suka tsira. Biyu suka ƙi: Helen Steel, mai aikin lambu, da David Morris, tsohon ma'aikacin gidan waya. Ba su da kuɗin lauya, kuma dokar Ingila ba ta ba da tallafin lauya a shari'ar ɓata suna, sai suka tsaya da kansu gaban manyan lauyoyin kamfanin, da ɗan taimakon kyauta daga wani matashin lauya mai suna Keir Starmer, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya. Kwana 313 aka yi ana zaman kotu, daga 1994 zuwa ƙarshen 1996, hukunci ya fito a 1997. Alƙali ya tabbatar da cewa wasu zarge-zargen nasu gaskiya ne, wasu kuma ba su tabbata ba, ya ce su biya fam 60,000, aka rage zuwa 40,000 bayan ɗaukaka ƙara. Sai a 2005 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce ba a yi musu adalci ba tun da aka bar su babu lauya. Shekara goma sha biyar ke nan daga rayuwar mutum biyu, a kan takardar da ba su ma yarda su suka rubuta ta ba.

A Malta, 'yar jarida Daphne Caruana Galizia tana da ƙararrakin ɓata suna fiye da 40 a kanta ranar da aka kashe ta da bam a motarta, 16 ga Oktoba 2017. Ɗan kasuwa ɗaya ya shigar da 19 daga ciki. Wani minista ya sa an rufe mata asusun banki tun ba a fara sauraron ƙararsa ba. Da ta mutu ma ƙararrakin ba su mutu ba, mijinta da 'ya'yanta suka gaje su.

A nan gida abin ya fi muni ta wata fuska, domin ƙarar farar hula takan zo tare da ɗan sanda. A Satumbar 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya ya cika zaƙi. Kamfanin ya ce a cikin musayar kalaman da ta biyo baya ta zargi kayansa da kashe mutane. Aka kama ta, aka kai ta Abuja, aka tuhume ta ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, kamfanin kuma ya nemi diyyar naira biliyan 5. A Disambar 2024 aka ɗauko lauya Dele Farotimi daga Legas zuwa Ado-Ekiti kan littafin da ya rubuta game da tsarin shari'ar ƙasar, bisa ƙorafin babban lauya Afe Babalola, ya yi kusan mako uku a tsare kafin ya fito a kan beli. Waɗannan sun shiga jarida. Waɗanda ba sa shiga su ne dubban masu bashi da ake kai wa ofishin 'yan sanda, alhali dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum kan saɓanin ciniki ko karya alkawarin kasuwanci.

Duk wannan gaskiya ne, kuma na gan shi da idona. Amma ɗaya ɓangaren yana da tambayar da ba ta da sauƙin amsa: in aka ɗaga dokin ƙofar kotu, wa zai kasa tsallakawa?

Ba mai kuɗi ba ne. Mai kuɗi ko an ce a ajiye miliyan kafin a shigar da ƙara zai ajiye. Wadda za ta kasa ita ce matar da mijinta ya rasu, 'yan'uwansa suka kulle shagonsa suka ce ta jira. Leburan da ya yi wata uku yana zuba kankare aka hana shi haƙƙinsa. Ɗan hayar da aka watso wa kaya waje ba tare da wa'adi ba. Waɗannan ba su da dogarai, ba su da lambar wayar babban ɗan sanda. Takardar sammaci ita kaɗai ce abin da ke sa wanda ya fi su ƙarfi ya taso daga kujerarsa ya zo ya amsa tambaya. Tsoron da muke kuka da shi a madadin wanda ake ƙara, shi ne dai tsoron da ke sa ɗan kwangila ya biya leburansa, ya sa asibiti ya duba takardar majiyyaci sau biyu kafin a shiga tiyata. Kifi na ganinka mai jar koma. In aka cire wannan tsoron gaba ɗaya, an cire wa mai rauni haƙorinsa na ƙarshe.

Mutanen Kano ba sa bukatar a ba su misali daga nesa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, ba maganinsa ba. Iyaye suka kai ƙara a Amurka, gwamnati ta kai a Nijeriya, aka yi ta jan zare har 2009 da aka daidaita da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, kuɗin farko kuma bai isa hannun iyalai ba sai 2011. Haka al'ummar Bodo ta ƙasar Ogoni, masunta da malalar mai ta kashe wa sana'a, sai da suka kai Shell ƙara a Landan kafin a 2015 aka amince da biyansu fam miliyan 55. Da akwai doka mai sauƙaƙa wa wanda ake ƙara ya kori shari'a tun a bakin ƙofa, lauyoyin waɗannan kamfanoni ne za su fara cin moriyarta. Wannan ba zato ba ne. Duk wata kariya da aka rubuta a doka, wanda ya fi iya biyan lauya shi ya fi iya amfani da ita.

Masu cewa kada a ƙuntata suna kuma tunatar da mu cewa wahalar shari'a ba ta san mai ƙara da wanda ake ƙara ba. Dole in faɗi wani abu a nan, ko da yake yana mini nauyi. Yaran da suka kai kawuna ƙara ba 'yan damfara ba ne. Marayu ne da suka girma suna jin mahaifiyarsu tana cewa ubansu yana da kaso a filin nan. Babbansu direban Keke Napep ne. A benci ɗaya muke zama, rana ɗaya ke dukanmu, ɗagewa ɗaya ake yi mana. Na taɓa ganinsa a bayan kotu yana ƙirga canji zai ba lauyansa, bai cika ba. Kotu ta ce ba su kawo hujja ba, kuma na yarda da hukuncin. Amma da an hana su shiga tun farko, da sun rayu suna ganin an cinye musu gado an kuma rufe musu baki, irin wannan ƙullin kuwa a ƙasarmu ba a takarda yake ƙarewa ba. Rikicin gona da yawa da ya kai ga zubar da jini, daga rashin inda za a kai kuka ya faro.

To ina na tsaya? Na daɗe ina jujjuya maganar, kuma na ga cewa ɓangarorin biyu suna jayayya ne a kan faɗin ƙofa, alhali ciwon yana cikin ɗakin. Abin da ya karya kawuna ba shigar da ƙarar ba ce. Da an saurare su, an duba takardu, an yanke hukunci cikin wata shida, da ya yi fushi na ɗan lokaci ya manta. Shekara shidan ce ta cinye shi. Abin da ya ba McDonald's ƙarfi a kan mutum biyun nan ba 'yancin kai ƙara ba ne, rashin wani mataki ne da alƙali zai tsaya tun da wuri ya tambaya: wannan ƙara gyara take nema ko razanarwa?

Kuma wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya wuce ta babin hukunce-hukunce, inda aka ɗora wa mai da'awa nauyin kawo shaida, wanda ya musanta kuma rantsuwa. Amma malaman Malikiyya, bisa aikin alƙalan Madina, sun ƙara wani sharaɗi: ba a sa mutum rantsuwa sai an fara tabbatar da cewa akwai wata hulɗa tsakaninsa da mai ƙarar, ko akwai dalilin zargi. Hikimar a fili take. Sun san tsayar da mutumin kirki gaban jama'a ya rantse wulaƙanci ne a kansa, kuma sun san akwai wanda zai ƙirƙiri da'awa don kawai ya ga an yi masa hakan, ko don ya biya shi wani abu ya fanshi mutuncinsa. Wato fiye da shekara dubu da suka wuce an gane cewa jan mutum gaban alƙali cutarwa ce da ke bukatar dalili. Ba su rufe ƙofa ba, sun dai sa mai gadi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka mai wannan manufa a 1992, inda wanda aka kai ƙara kan maganar da ta shafi jama'a zai iya neman a tace ƙarar tun farko, in ta faɗi mai ƙarar ya biya masa kuɗin lauya. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2024 da dokar da ake yi wa laƙabi da sunan Daphne. Nijeriya har yanzu ba ta da irinta.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi: tacewar nan alƙali ne zai yi ta, alƙalin da ake iya saya ko a tsorata zai tace ƙarar talaka ya bar ta mai kuɗi. Ba ni da maganin wannan a aljihuna. Abin da zan ce kawai shi ne a taƙaita tacewar ga inda cutar ta fi bayyana, wato ƙarar ɓata suna da mai mulki ko babban kamfani ya shigar kan wanda ya yi magana a kan al'amarin jama'a, a bar ƙarar gado da ta albashi da ta haya yadda suke. Sannan a daina yanke wa wanda ya yi nasara 'yan kuɗin da ba su kai na motar zuwa kotu ba a matsayin ladan wahala. In ta tabbata mutum ya shigar da ƙara da gangan don cutarwa, ya biya ainihin abin da ɗayan ya kashe. In kuwa kuskure ne na gaskiya irin na marayun nan, kada a ɗora masa.

Sauran aikin na rage tsawon hanya ne, kuma an fara. Legas ta buɗe zauren sasanci a cikin kotu a 2002, ta kafa kotunan ƙananan basussuka a 2018 da nufin a gama shari'a cikin kwana 60, Kano da wasu jihohi suka bi. Rikicin Farotimi ma ba hukunci ne ya kashe shi ba. A Janairun 2025 Ooni na Ife da wasu sarakunan Yarbawa suka sa baki, Babalola ya amince ya janye. Sai dai ina jin tsoron yadda muke ɗaukar sulhu kamar maganin kowace cuta. Sulhu tsakanin mai ƙarfi da mara ƙarfi sau da yawa sunansa kawai sulhu, "ki yi haƙuri ki bar wa Allah" ne ake faɗa wa wadda aka cuta. Sulhu yana yin daɗi ne idan kowa ya san cewa in an tashi ba a daidaita ba, akwai kotun da za ta yanke magana da wuri. In babu wannan, wanda ya fi iya jure jinkiri shi ke rubuta sharuɗɗan.

A shekara ta biyu ta shari'ar kawu, limamin unguwarmu ya tara su a zaurensa bayan sallar isha'i. Ya ba da shawarar kawu ya ba yaran wani abu daga kuɗin filin, ba don suna da haƙƙi a shari'ance ba, don zumunci da maraici, su kuma su janye. Babban yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, duk abin da kuka yanke." Kawu ne ya ƙi. Ya ce in ya biya, unguwa za ta ce dama ya san filin na haram ne. Sunansa aka ɓata a bainar jama'a, a bainar jama'a yake so a wanke shi. Na ji haushinsa a daren, na ga kamar taurin kai ne. Yanzu na fahimci cewa tun ranar da masinja ya tsaya a ƙofar zaurensa maganar ta tashi daga kan fili, kuma babu wani a cikinmu, har da liman, da ya yi tunanin ya tara maƙwabtan nan da suka leƙo ya gaya musu cewa sammaci gayyata ce zuwa bayani, ba shaidar laifi ba.

Filin yana nan. Gari ya cim masa, an yi gine-gine ta ko'ina, kuɗinsa ya ninka sau da yawa. Kawu bai ƙara ɗora bulo ko ɗaya a kai ba, kuma in hanya ta biyo da mu ta wajen yakan ce wa direba ya zagaya ta baya. Baƙar ledar tana ƙarƙashin katifarsa, da kwafin hukuncin a ciki. Watannin baya wani yaro ya kawo masa katin ɗaurin aure a cikin farar ambulan, ya yi sallama a zaure ya ce an aiko shi wurin Alhaji da takarda. Ina zaune kusa da shi, na ga hannunsa yana rawa kafin ya karɓa.